Sunana a Ƙarƙashin Fuskarta

A gidanmu na Sa'alaba, a Jidda, iƙama ɗaya ce tak, wato katin izinin zama a ƙasar, kuma tawa ce. Mu uku ne a ɗaki da falo: ni, da Umma, da ƙanwata, auta. Umma da Baba sun zo umra ne da cikin auta, suka bar ni a Katsina hannun kakata, wai sati uku za su yi. Baba ya rasu a nan yana aikin dako. Sati ukun Umma kuwa bai cika ba har na girma, na iya kitso da lalle, wata Balarabiya mai shagon gyaran jiki ta ɗauko ni da biza. Na tarar da uwata ta tsufa a kan tiren gyaɗa da yaji, ga wata doguwar yarinya a bayanta tana leƙena, tana tambaya da Larabci wai wannan ce yayar tata.

Auta ba ta da ko ƙyallen takarda. A ɗaki aka haife ta, ungozoma ta yanke cibi, shi ke nan. A wajen hukuma ba a haife ta ba ma. Don haka komai na gidan a kan katina yake rataye: hayar ɗaki, wuta, layin waya, har maganin sukarin Umma. Idan katin nan ya faɗi, mu uku muka faɗi. Kowa a gidan ya san haka, ba sai an faɗa ba.

A unguwarmu aron iƙama ba abin mamaki ba ne. Yadda ake aiko yarinya aron turmi, haka ake aikowa aron kati. Mace za ta ja niƙabi, ta karɓi katin 'yar uwarta, ta je ƙaramin asibiti inda ba a cika dubawa ba, ta ga likita, kafin magariba kati ya dawo hannun mai shi. Nawa ya sha zuwa asibiti ba tare da ni ba. A rubuce dai an cire mini haƙori sau biyu, alhali haƙorana ga su nan cif a bakina. Ina mita duk lokacin da aka karɓa, amma gaskiya ina jin daɗin cewa ni ce mai katin. Abin da ya zauna mini a ka ke nan: kati abu ne da ake bayarwa da safe ya dawo da yamma.

Ba mu kama da auta ko kaɗan. Ni gajera ce, na ɗauko hancin Baba duka ban rage wa kowa ba. Ita kuwa doguwa, baƙa sumul, ga wuya, ga wushirya. Abin da ya taimake mu shi ne hoton da ke jikin katin bai yi kama da kowa ba, har ni mai shi.

Wata rana ta zo mini da waya a hannu, tana rawar jiki. Wani kamfanin man shafawa ne ya shirya gasar kyau ta 'yan matan Afirka mazauna Jidda. Mata zalla, a zauren biki, ba namiji ko ɗaya. Waɗanda suka yi nasara za su zama fuskar kamfanin. Abin da ake buƙata kawai hoton iƙama da sa hannu.

Na ce, "Ke da ko motar 'yan sanda kika hango sai kin canza lungu, ke ce za ki hau dandamali?"

Ta ce, "Shi ya sa ma, Yaya. Wallahi na gaji. Tun da aka haife ni ake ce mini sunkuyar da kai, ja niƙabi, kar a gan ki. Marra wahda bas, sau ɗaya a kalle ni da gangan."

Na yi mata tsawa, na ce ba da katina ba. Ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Umma ba ta ce a yi ba, ba ta ce kar a yi ba, sai kallona da take yi ta gefen ido. A rana ta huɗu na ce a kawo takardar.

Da safe ta kawo, ina sauri kar motar shago ta bar ni. Shafi huɗu ne, rubutu ƙanana a cunkushe. Ni Larabcina na baki ne, na cinikin lalle da faɗa da direba. A takarda kuwa harafi-harafi nake bi kamar mai haɗa baƙi a allo. Auta ta fi ni, amma nata na saƙon waya ne da hirar titi, ba ta yi makarantar da ake koyar da irin wannan Larabcin ba. Ta karanta layi uku na sama, ta juya shafi, ta ce, "Adi, Yaya, ba wani abu ba ne. Dokoki ne kawai, ya'ani kar a makara, kar a yi faɗa." Na sa hannu a tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa. Ni na sa, da hannuna, don ya yi daidai da sunan da ke jikin katin. Har na ji ina yi wa kaina kirari cewa na iya dabara.

Ni na yi mata kitso, ni na zana mata lalle, kuma ban taɓa yin mai kyau kamarsa ba. Ranar gasar bayan la'asar muka tafi mu uku. Umma ta zauna a kujerar baya tana jan carbi. Da aka kira cikakken sunana a lasifika, sai da na zabura zan miƙe, sannan na ga auta ta fito cikin atamfar da na ɗinka mata. Zauren ya ɗauki guɗa. Tana tafiya kai a sama, ba ta kallon ƙasa, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ta zo ta biyu. Aka rataya mata ƙyalle mai rubutun zinari, aka ba ta kwalin mai, aka yi ta ɗaukar hoto. A hanyar gida ina ce mata, "To halas, shi ke nan, an gan ki. Gobe kati ya koma jaka."

Katin ya koma jaka, amma maganar ba ta koma ba. Bayan sati suka kira ta ɗaukar hoto, ta je. Suka sake kira, ta sake zuwa. Sai ga hotonta a shafin kamfanin, tana riƙe da kwalbar mai kusa da kunci, a ƙarƙashi an rubuta sunana da na ubana da na kakana.

Wata mai zuwa shagonmu ce ta nuna wa Madam, wato kafilata, matar da iƙamata ke hannunta. Ina tsakiyar yi wa wata amarya dilka Madam ta kira ni ɗakin baya, ta rufe ƙofa, ta miƙo mini waya.

Ta ce, "Wannan sunan wa?"

Na ce nawa ne.

Ta ce, "Fuskar fa?"

Na miƙa mata wayarta. Madam ba muguwa ba ce, shekara shida ina mata aiki ba ta taɓa riƙe mini haƙƙi ba. Amma ranar muryarta ta yi sanyi irin wanda ban so ba. Ta ce a takarda yanzu ma'aikaciyarta tana yi wa wani kamfani aiki ba da izininta ba, kuma ita za a fara tambaya. Ta ce in je in gyara, ba ta son jin yadda aka yi.

A satin kuma kamfanin ya aiko saƙo: wadda ta zo ta biyu ta zo da katinta na asali, za a kai ta a ɗauki zanen yatsanta don a yi mata izinin aikin talla. Nan muka tsaya cak. In na je, yatsa nawa ne, fuska ba tawa ba. In auta ta je, fuska tata ce, yatsa ba nata ba. Muka yi abin da talaka ya saba, muka daina ɗaukar waya. Saƙonnin suka fara canza murya. Da can "habibti", wato masoyiyata, suke farawa da shi, yanzu sai lambar sashe kaza na yarjejeniya.

Wata maƙwabciyarmu ce ta tura mu unguwar Bagdadiyya, wajen wani dattijo Bahaushen Sudan da ke bin wa mutane takardu a ofisoshi. Ofishin nasa ɗan ɗaki ne a saman shagon kayan wuta, fanka na juyawa tana ƙara. Ya sa tabarau, ya shimfiɗa shafukan huɗu a tebur, ya ce, "Wa ya karanta muku wannan kafin a sa hannu?"

Na ce ba kowa, Baba.

Ya dube ni ta saman tabarau. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai ya fara karantawa, yana ɗora yatsa a kan kowane layi, yana mayar mana da shi Hausa. Wadda ta sa hannu ta tabbatar ita ce mai shiga gasar, katin nata ne, fuskar tata ce. Ta tabbatar kafilinta ya sani kuma ya yarda. Duk wadda ta shiga cikin ukun farko ta ɗaure kanta da kamfanin shekara biyu, duk lokacin da aka kira ta za ta zo, kuma ba za ta yi aiki da wani wurin gyaran jiki ba sai da izininsu. A nan na ce, "Baba, ai ni a wurin gyaran jiki nake aiki!" Ya ce, "Aiwa, 'yata. Ke da kanki kika yi alkawarin barin aikinki." Ya ci gaba. Hotunan da aka ɗauka mallakar kamfani ne har abada, ko yarjejeniya ta mutu su ba su mutu ba. Idan wadda ta sa hannu ta ƙi zuwa, ko aka gano ta faɗi abin da ba haka ba, kamfani na da ikon kai maganar gaban hukuma.

Auta ta ce, "Bas ya ammi, wasa ne fa. Gasa ce ta yini ɗaya."

Ya ce, "Gasar ce ta yini ɗaya. Takardar ba ta yini ɗaya ba ce." Ya juyo gare ni. "Ku kun saba da aron asibiti, a je a dawo, ba wanda ya riƙe komai. Wannan kuwa an bar suna a hannun mutane, da sa hannu a ƙasa. Ba katin kika ba da aro ba, kanki kika bayar."

Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wanda zan sauke wa. A matakala na sauke wa auta. Na ce mata ga kyan nan ya yi mana rana, ta jiƙa ƙyallen zinarin ta sha. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai na runtse ido. Ba ta rama ba. Da ma ta rama.

Muka je kamfanin roƙo. Wata mata mai fara'a ta karɓe mu, ta sa aka kawo shayi. Na faɗa mata gaskiya tun daga tushe, ina ganin gaskiya za ta sassauta mata zuciya. Sai na ga fara'ar ta ɗauke. Ashe na ƙara dagula lamarin ne: yanzu sun san sun sa yarinyar da ba ta da takarda aiki, kuma su ma tsoron hukuma suke ji. Ta ce ita a ranta ba ta da matsala da mu, amma dole su rubuta cewa yaudararsu aka yi, kafin wani ya rubuta a kansu. Sunan da za su rubuta kuwa shi ne wanda ke kan takarda. Ta ba mu zuwa Lahadi.

Madam ma ta faɗi nata a taƙaice. Ko in kawo takardar da ta wanke ni, ko ta sauke ni daga kafalarta, a buga mini fita daga ƙasar. Na tsaya ina kallon kwanon dilka a hannuna. In na fita, ɗakin Sa'alaba ya fita daga hannunmu. Umma da ƙafafunta da suka kumbura, da allurar da take yi kullum, sai titi. Auta ma ba tsira za ta yi ba, tunda fuskarta na hannun kowa.

Muka koma wajen dattijon. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce ƙofa ɗaya yake gani, kuma ba ya son ya zama shi ya buɗe ta. Kafin ya ƙarasa na riga na gane. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: tun a daren da ya gabata tunanin ya zo mini, na kore shi, ya dawo. Ina zaune ne kawai ina jiran wani ya furta don kada ya fito daga bakina.

Auta ce ta furta. Ta ce, "A ce sata na yi. Na ɗauki katin a jakarta ba ta sani ba, na kwaikwayi sa hannunta. Sah?"

Dattijon ya ce haka ne. Mai kati za ta rubuta ƙorafi, wadda ta ɗauka za ta miƙa kanta ta amsa. Za a tsare ta, daga baya a mayar da ita ƙasar iyayenta, kuma ƙofar dawowa ta rufe.

Na ce ban yarda ba. Na faɗa da ƙarfi, har na buga tebur. Amma a can cikin cikina wani abu ya saki, na ji sanyi kamar an sauke mini kaya, kuma na tsani kaina saboda wannan sanyin. Auta ta kalle ni, ina jin ta gani.

A gida muka faɗa wa Umma. Tana tsince gyaɗa a tire, ba ta ɗaga kai ba. Can ta ce, "Sati uku na ce zan yi." Ta ci gaba da tsince gyaɗarta har aka kira la'asar.

Dattijon ya rubuta takarda ta biyu. Shafi ɗaya ce, rabinsa ma fari. Wannan karon na ce ya karanta mini, ya karanta. Na ce ya sake, ya sake. Duk kalmar da ban gane ba sai na tsayar da shi. Mece ce wannan? Ya ce ba da sanina ba. Wannan fa? Ya ce ba da yardata ba. Wannan ta ƙarshen? Ya ce ina neman hukuma ta ɗauki mataki a kan wadda ta aikata. Na tambaye shi ko akwai wani abu a ɓoye a ciki, ya ce babu, duk abin da ke ciki na ji shi. Na zauna sosai a kujera, na gyara biro, na sa hannu. Takarda ta farko ban san abin da ke cikinta ba. Ta biyu babu harafin da ban sani ba.

Da hantsi muka ɗauki tasi ranar Lahadi. Auta ta sa baƙar abayarta ta kullum, da 'yar jaka mai kaya kala uku. Lallen da na yi mata ya kusa gogewa, saura ja-ja a farce. A mota ta ce in koya mata yadda ake gaida manya a can, don ita Hausarta ta cikin gida ce, rabi Larabci. Ina faɗa tana maimaitawa. Ina kwana. Mun same ku lafiya. Ya ƙarin haƙuri. Ta ce wannan ta ƙarshen yaushe ake faɗinta, na ce in an yi rashi. Ta ce, "Tayyib," ta juya tana kallon titi. A ƙofar ofishin hukumar ta ja niƙabi, sai kuma ta tsaya, ta cire shi ta cusa a jaka, ta shiga da fuskarta a buɗe.

Ta yi wata biyu da wani abu a tsare kafin a sa ta a jirgi. Ni aka kira ni sau biyu, aka yi mini tambayoyi, na maimaita abin da ke cikin takardata ba tare da muryata ta yi rawa ba. Aka bar mini katina. Madam ta ce alhamdulillah, ta ba ni hutun yini ɗaya.

Yanzu auta tana gidan kawunmu a Katsina, garin da ba ta taɓa gani ba sai ranar da aka sauke ta. Yara suna bin ta suna kwaikwayon maganarta. Da ta samu waya, abin da ta fara turo mini hoton takardar da aka ba ta a wajen fita ne, mai zanen yatsanta da hatimin hana dawowa. Ta zagaye wani wuri da jan layi, ta rubuta a ƙasa: "Shufi, Yaya, duba sunana." Shi ne karo na farko da aka rubuta shi a takardar hukuma.

Kamfanin ya cire sunana daga shafinsa, amma bai cire hoton ba, tunda nasu ne har abada, kamar yadda na sa hannu. Yana jikin kwalbar man, ana sayarwa a kantunan Ammariyya, inda nake sauka in sayi kayan lalle. Umma ba ta shafa mai, fatarta ba ta son shi. Amma duk ƙarshen wata sai ta ce in sayo mata ɗaya. Tana jera su a kan taga, fuskokin suna kallon cikin ɗaki. Kwanan baya wata maƙwabciya ta zo aron kati za ta kai 'yarta asibiti. Na buɗe jaka, na taɓa shi, na rufe, na ce mata ya ɓata. Ta kalli taga, ta kalle ni, ta fita. Umma ta ɗauki tsumma ta shiga goge kwalaben ɗaya bayan ɗaya.